Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Jami'o'i Kan Ɗalibi Mai Kiɗa Da Mai Koyon Harshe

Zuwa ga shugabannin jami'o'i, da majalisun malamansu, da kwamitocin da ke tantance ɗaliban da za a ɗauka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya yi riƙo da hannayenku a kan nauyin da ya ɗora muku. Ranku ya daɗe, ni malami ne, na daɗe ina tsayuwa gaban allo, kuma kafin nan na yi zaman ɗalibta a jami'ar da ta tara mutane daga ƙasashe masu yawa. Abin da na gani a waɗannan shekaru shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kusan kowace jami'a a yau tana tinƙaho da irin mutanen da ta tara. Ana bugawa a takardun talla cewa muna da ɗalibai daga ƙasashe kaza, ƙabilu kaza, addinai kaza. Ban raina wannan ƙoƙari ba, domin na san ba da sauƙi ake yinsa ba. Amma duk wanda ya taɓa zagaya harabar jami'a bayan an tashi daga lacca ya san abin da ido ke gani. Kowa ya nemi irinsa ya zauna. 'Yan wannan yanki suna ƙarƙashin waccan bishiya, baƙi daga ƙetare sun haɗa kai a wancan lungu suna hira da harshensu ƙasa-ƙasa, kowane tsuntsu yana kukan gidansu. Sai a yi shekara huɗu ana gogayyar kafaɗa a ƙofar aji ɗaya, a gama, a karɓi takardar shaida, kowa ya koma da irin zaton da ya zo da shi game da ɗan'uwansa. Sau ɗaya a shekara a shirya ranar al'adu, a yi ado, a hau dandamali, a tafa, a ɗauki hotuna, washegari kowa ya koma ƙarƙashin bishiyarsa.

A cikin Alƙur'ani mai girma, a Suratul Hujurat aya ta 13, Allah ya ce ya sanya mu dangogi da ƙabilu domin mu san juna. A Suratur Rum aya ta 22 kuma ya lissafa saɓanin harsunanmu da launukanmu a cikin ayoyinsa. Sanin junan nan shi ne aikin, kuma ba ya samuwa don kawai an zaunar da mutane a benci ɗaya. A iya abin da na gani, ɗaliban da suka fi kowa iya fitowa daga ƙarƙashin bishiyarsu su je ta wasu su ne iri biyu: wanda ya koyi kiɗa ko waƙa da gaske, da wanda ya zauna ya koyi harshen da ba na gidansu ba. Su ne kuma waɗanda tsare-tsarenmu suka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Bari in ba ku labarin wani ɗaki. A jami'ar da na yi karatu akwai wata ƙaramar ƙungiyar ɗalibai masu kiɗa da ke haɗuwa da daddare a wani ɗakin ajiya da aka ba su aro, cike da karyayyun kujeru. A cikinsu akwai wata ɗaliba da ta fara koyon gogen Turawa tun tana ƙarama. Komai nata daga takarda yake fitowa, a ɗora mata rubutun kiɗa a gabanta ta karanta shi kamar wasiƙa. Akwai kuma wani saurayi mai ganga wanda bai taɓa ganin irin wannan rubutu ba, da kunne da tafin hannu ya koya a wurin wani dattijo. A aji ba a jin muryarsa, domin harshen da ake koyarwa da shi bai zauna a bakinsa ba, kuma abokan karatunsa sun riga sun yanke masa hukuncin cewa ba shi da ƙoƙari. Makonnin farko ba su jitu ba. Ita tana ƙirga bugu daga takarda, shi yana jiran kiran da babu mai yi masa. Wata rana ya ɗora bugu uku a kan bugu biyu, irin wanda hannun dama ke tafiya da nasa lissafi, na hagu da nasa, sai ta tsaya cak, ta ce ta rasa inda farkon yake. Ya ce ta ajiye gogen. Ya sa ta tafa biyu, shi yana tafa uku, suka yi ta yi, tana ɓata suna sakewa, har kusan sa'a guda. Ina zaune ina kallo lokacin da abin ya shiga jikinta: ta rufe ido, kafaɗarta ta fara bin ɗayan bugun alhali hannunta na kan nata. Da ta buɗe ido, kallon da ta yi masa ya canza. Daga ranar ta koma kiransa malam, kuma da gaske take. Ita ce ta zaunar da shi daga baya ta koya masa karanta rubutun kiɗa, kuma a wannan zaman ne bakinsa ya sake da harshen karatu.

Na daɗe ina tunanin abin da ya faru a ɗakin nan kafin na ci karo da bayaninsa a wurin masana. Gordon Allport, masanin halayyar ɗan'adam na Jami'ar Harvard, ya bayyana a littafinsa na 1954 cewa cuɗanya tsakanin mutanen da suka bambanta tana rage ƙyamar juna ne idan an cika wasu sharuɗɗa: su haɗu a matsayi ɗaya babu mai jin ya fi wani, su kasance da buri guda, su buƙaci taimakon juna kafin su kai gare shi, sannan hukumar da ke kansu ta goya wa haɗuwar baya. Ku duba ɗakin ajiyar nan da wannan ma'auni. Buri guda ne, wato kiɗan ya fita daidai. Babu mai iya fitar da shi shi kaɗai. Wanda yake baya a aji shi ne gaba a nan. Sharuɗɗa uku sun cika da kansu. Na huɗun ne kawai babu, kuma shi ne wanda yake hannunku.

Wannan ba sabon abu ba ne a tarihin jami'o'i. A shekarar 1871 Jami'ar Fisk da ke Nashville a Amurka, wadda aka kafa domin ilmantar da bayin da aka 'yanta, ta kai gargarar rufewa saboda rashin kuɗi. Ɗalibai tara suka fita yawon rera waƙa domin nema mata tallafi. Da farko waƙoƙin da aka saba ji a zaurukan Turawa suke yi, domin waƙoƙin da iyayensu suka rera a gonakin bauta abu ne da suke ɓoyewa, yana tuna musu da baƙin ciki. Da suka fara fito da su, sai zauruka suka yi tsit. A 1873 suka rera a gaban Sarauniya Victoria ta Ingila, kuma da kuɗin da suka tara aka gina babban ginin jami'ar da ake kira Jubilee Hall, wanda aka buɗe a 1876, yana nan tsaye har yau. Abin da ɗalibai suka zo da shi daga gida, wanda su kansu suke jin nauyin nunawa, shi ya riƙe makarantar.

A Jami'ar California da ke Los Angeles kuwa, masanin kiɗa Mantle Hood ya dage cewa ɗalibi ba zai fahimci kiɗan wata al'umma da sauraro da karatu kaɗai ba, sai ya zauna ya koyi kaɗa shi da hannunsa a gaban masu shi. A 1958 ya kafa ƙungiyar masu kaɗa gamelan, kayan kiɗan ƙarfe na tsibirin Java a Indunusiya, kuma a 1960 ya yi rubutu yana kwatanta wannan ƙwarewa da ta mai jin harshe biyu. Farfesa Kwabena Nketia, wanda ya shugabanci Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana kuma ya rasu a 2019, ya ƙarar da rayuwarsa yana nuna wa duniya cewa kiɗan Afirka ilimi ne mai ƙa'ida da lissafi, ya cancanci kujera a jami'a kamar kowane fanni. A 1999 Daniel Barenboim, makaɗi Bayahude, da Edward Said, malamin adabi Bafalasɗine, suka haɗa matasan makaɗa Larabawa da 'yan Isra'ila a birnin Weimar na Jamus su yi kiɗa tare. Barenboim bai taɓa cewa ƙungiyar za ta kawo sulhu a Gabas ta Tsakiya ba. Abin da ya sha faɗa shi ne an kafa ta ne domin yaƙar jahiltar juna. Ni ma iyakar da'awata ke nan, domin bana son in yi muku alkawarin abin da kiɗa ba zai iya ba.

Shi kuwa harshe, alaƙarsa da kiɗa ta wuce yadda muke zato. Mai jin Hausa ya san cewa kalmar kuka, idan muryar ta tsaya sama a gaɓoɓin biyu, hawaye ake nufi, idan ta faɗo ƙasa a ta biyu kuwa bishiya ce. Karin sauti ne ke raba su, shi ya sa kalangu ke iya magana a fahimta. Haka yake a harshen Mandarin na Sin, inda gaɓar "ma" za ta iya nufin uwa, ko tsiron rama, ko doki, ko zagi, gwargwadon yadda murya ta hau ko ta sauka. A 2007 masu bincike a Jami'ar Northwestern ta Amurka, cikinsu har da Patrick Wong da Nina Kraus, suka gwada mutanen da ba sa jin Mandarin, suka tarar ƙwaƙwalwar waɗanda suka yi horon kiɗa ta fi ta sauran kama hawa da saukar sautin harshen daidai. Kunnen da aka horar ya rarrabe sautin tsirkiya shi ne kunnen da zai ji bambanci a bakin baƙo. Magabata sun riga mu sanin wannan. Khalilu ɗan Ahmad na Basra, wanda ya tsara ilimin aruli, wato ilimin ma'aunin waƙa, a ƙarni na 8, shi ne kuma ya fara tsara ƙamus na Larabci, ya auna waƙa da harshe da kunne ɗaya. Ɗalibinsa Sibawaihi Bafarishe ne, Larabci ba harshen gidansu ba ne. Ana ruwaito cewa kuskuren lafazi ya yi a gaban malaminsa na hadisi, abin ya dame shi, ya tafi neman nahawu, ya ƙare da rubuta littafin da har yau shi ne madogarar nahawun Larabci. Baƙon harshe ne ya zama babban mai hidimarsa.

Ni kaina ta ƙofar harshe na shiga gidan wasu. A shekarata ta biyu aka haɗa ni ɗakin kwana da wani ɗalibi daga Bangladesh. Wata uku muna gaisawa sama-sama, kowa yana kiyaye gefensa. Wata rana na roƙe shi ya koya mini gaisuwa da harshensu. Abin da ya fara koya mini shi ne cewa suna da hanya uku ta cewa "kai": apni ga babba ko wanda ake girmamawa, tumi ga aboki, tui ga ƙaramin yaro ko aminin da babu shamaki tsakani. Sai na fahimci dalilin da ya sa yake ɗan jinkiri kafin ya yi wa malamanmu magana. Harshen karatu ba ya ba shi kalmar da zai girmama su da ita yadda zuciyarsa ke so, ni kuma da can na ɗauka girman kai ne. Bayan wasu watanni yana waya da mahaifiyarsa sai ya miƙo mini. Na gaishe ta da 'yan kalmomin da na iya, na yi amfani da apni. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta soma magana mai tsawo da murya mai rawa. Kaɗan na tsinta, amma na ji tana sa mini albarka. A daren nan ya ba ni labarin ranar 21 ga Fabrairun 1952, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wuta a kan ɗaliban Jami'ar Dhaka da suka fito neman a amince da harshen Bangla, bayan gwamnatin Pakistan ta ce Urdu kaɗai ne harshen ƙasa. Saboda jinin waɗannan ɗalibai ne hukumar UNESCO ta ayyana wannan rana a 1999 a matsayin Ranar Harshen Uwa ta Duniya, aka fara raya ta a 2000. Na sha ganin ranar a kalanda, amma sai a bakinsa na san abin da take nufi.

Abin da koyon harshe ke yi wa ɗalibi ke nan. Yana mayar da shi yaro a gaban wanda jiya yake kallo daga sama. Dole ya tambaya, dole ya yi kuskure a gyara masa, dole ya jira a gama magana. Shi kuma baƙon ɗalibin nan da kullum ake gyara wa lafazi, yau shi ne mai gyarawa. Duniya na da harsuna kusan 7,000, kuma rahoton UNESCO na 2016 ya nuna kusan kashi 40 cikin 100 na mutanen duniya ba sa samun ilimi da harshen da suke fahimta. Da yawa daga cikin ɗalibanku sun fito ne daga cikin wannan kaso. Suna shigowa da harshe biyu, uku, wani har huɗu, mu kuma abin da muke aunawa kawai shi ne gazawarsu a na biyar.

To, ranku ya daɗe, ga inda nake roƙonku. Ku sake duba takardar neman shiga jami'a. A yadda take a wurare da yawa, ɗan mai hali da aka biya wa malamin piyano, ya ci jarrabawa aka ba shi takarda, yana da gurbin da zai rubuta hakan. Yarinyar da ta haddace waƙoƙin kakarta masu ɗaruruwan baitoci, ko yaron da tun yana ƙarami yake yi wa iyayensa tafinta a asibiti, ba su da inda za su rubuta nasu, kuma babu wanda ya taɓa gaya musu cewa wannan ma ilimi ne. Ku tambaye su harsuna nawa suke ji, wa ya koya musu, me suka iya kaɗawa ko rerawa, kuma me za su iya koya wa abokin karatunsu. Tambayar ƙarshen nan ta fi sauran muhimmanci a wurina, domin ita ce ke nuna wanda zai zo ya raba abin da yake da shi.

Idan kuma kun ɗauke su, kada ku bar abin ya zama aikin dare a ɗakin aro. Ɗalibin likitanci ko injiniya da yake son koyon wani harshe ko shiga ƙungiyar mawaƙa yakan tarar jadawalin karatu ya cike kowace kafa, kuma ko ya kutsa ba a ba shi maki ko ɗaya a kai. Ɗalibi yana gane abin da makarantarsa ta ɗauka da muhimmanci ta hanyar abin da take ba wa maki. Ku ware sa'o'i a mako da babu lacca a cikinsu, ku ba da ɗaki mai ƙofa da makulli, ku sa darasin harshe da na kiɗa a cikin abin da ake lissafawa a sakamakon kowane sashe. Likitan da ya iya tambayar maras lafiya inda ke masa ciwo da harshen da yake mafarki da shi zai ji abin da na'ura ba za ta gaya masa ba. Ku kuma buɗe ƙofa ga gwanayen da ba su da digiri. Jami'ar Wesleyan ta Amurka ta ɗauki Abraham Adzenyah, gwanin ganga daga Ghana, ya yi fiye da shekara 40 yana koyarwa a can. Hannunsa suka duba.

Na san maganar kuɗi za ta taso, kuma na san inda wuƙa ke fara faɗawa idan aljihu ya yi zafi. A Amurka, ƙididdigar ƙungiyar malaman harsunan zamani ta nuna yawan masu rajistar darussan harsunan waje a manyan makarantu ya ragu da kashi 16.6 cikin 100 tsakanin 2016 da 2021, kuma a 2023 Jami'ar West Virginia ta soke digirorinta na harsunan waje. Masu yanke irin wannan shawara sukan ƙirga ɗaliban da ke yin digiri a sashen su ga ba su da yawa. Abin da ba ya fitowa a wannan lissafi shi ne ɗaruruwan ɗaliban wasu sassa da ke ratsawa ta cikinsa, da kuma cewa ajin harshe sau da yawa shi kaɗai ne wurin da ɗalibin lauya ke zama kusa da na aikin gona su yi magana da juna. Ƙungiyar mawaƙa ba ta buƙatar komai sai ɗaki da malami. Haɗa ɗalibai biyu-biyu su riƙa koya wa juna harsunansu, rabin sa'a da wannan, rabin sa'a da wancan, ba ya cin komai sai wanda zai tsara shi ya bibiya.

Akwai wani abu da zan faɗa da babbar murya, domin na san ɗalibai da iyayen da abin ya shafa. Wasu ba sa kusantar kayan kiɗa saboda fahimtarsu ta addini, kuma wannan haƙƙinsu ne. Kada a tilasta wa kowa, kada kuma a yi masa kallon wanda ya ƙi cuɗanya. Ƙofofin suna da yawa: rubutacciyar waƙa da ake rerawa da murya zalla, ilimin aruli, fassara, koyon rubutun wata al'umma. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa domin ya riƙa karanta masa wasiƙunsu ya kuma rubuta musu amsa. Haka nan kada a mayar da ɗalibin da ya zo daga nesa abin nuni, wanda ba a tunawa da shi sai an yi manyan baƙi a ce ya zo ya yi musu irin ta garinsu. Idan zai koyar da abin da ya gada, a ba shi matsayin mai koyarwa, a rubuta masa a takardarsa, shi ma kuma a ba shi damar zama ɗalibin wani.

Kafin zaman majalisarku na gaba, inda za a tattauna jadawali da kasafin shekara, ina roƙon ɗaya daga cikinku ya tambayi ɗalibai inda masu kiɗa da masu koyon harshe ke haɗuwa a jami'arsa. Za su nuna masa, domin kusan kowace jami'a tana da irin wannan ɗaki. Ya je da kansa bayan sallar isha'i, ba tare da an sanar da zuwansa ba, ya nemi kujera a baya ya zauna na sa'a guda, sannan ya tambaye su abin da suke buƙata.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira, ya sa ku gama lafiya. Wassalam.

Naku mai girmama ku,
Wani malami daga cikin malamanku.